Ta'aziyyar da na kai Tibiri

Ina da shekara arba'in da tara na shiga ajin manya a Sabon Gari. Da safe in saro zogale a Jiratawa in kawo Maraɗi, da la'asar in zauna kan benci idanuna na yaji. Wata bakwai ina haka, har na fara tunanin ajiye alƙalamin, don ban ga abin da karatun ya tsinana mini ba.

Malaminmu, da muke kira Mushe, shi ya buɗe mana wata 'yar mujalla a wayar salula. Waƙoƙi ne da labarai da zane na mutanen yankinmu. Akwai zanen magudanar ruwan Jiratawa, shi na fi so, don kallo kawai yake buƙata. Waƙa guda kan ci mini kwana biyu. A ƙasan kowace akwai wurin da mai karatu zai bar magana, yawanci wayam.

Sai na kai kan labarin wani tela da aka ce yana ɗinki a bakin kasuwar Tibiri. Ya rubuta yadda mahaifiyarsa ta rasu, ta bar hatsi cikin turmi ba ta gama daka ba. Kwana biyar na yi kafin in kai ƙarshe. Ban shawarci kowa ba. In mutum ya sanar da kai rasuwa, ai ba a zama. Ranar Juma'a na sa riga na hau kabu-kabu.

Na same shi kan keken ɗinki. Na tsuguna na ɗaga hannu.

"Allah ya jiƙan Inna, ya ba ku haƙuri."

Ya tsaida keken. "Wace Inna, Baba?"

"Taka. Mai turmin."

Wata tsohuwa da ke tsinkar yakuwa a gefen shagon ta ɗago kai. "Kai, ja'iri! Ka sake kashe ni?"

"Inna, labari ne fa, ƙirƙira na yi."

"Bara ma a rijiya ya jefa ni," ta ce mini. "Tashi, bawan Allah, ka sha ruwa."

Kunya ta rufe ni. Na ce a raina, ni da karatu mun rabu ke nan. Amma telan bai yi dariya ba. Ya ce wata uku da fitar labarin ko mutum ɗaya bai ce masa uffan ba, har ya yi niyyar daina aikawa.

"Baba, abin da ya kawo ka, ka rubuta shi a ƙasan labarin. Da hannunka."

Na dawo gida a gajiye, ranar ban sayar da ko ƙulli ɗaya ba. Litinin na koma aji. Mushe ya so ya rubuta mini, na hana. Sau huɗu ina gogewa kafin rubutun ya zauna: "Na karanta duka. Na yi kuka. A gaida Inna."

Sannan na buɗe waƙa ta gaba. Doguwa ce ƙwarai. Na murza idanu, na ɗora yatsa kan layin farko.