Wutsiyar Akuya a Ƙofar Firisila

Ranar Litinin, shida ga Maris na shekarar 2000, bayan azahar, Malam Haladu ya fara ganin Firisila. Shi akawu ne a kasuwar Katako, aikinsa rubuta motocin da suka sauke kaya. A ranar mai tuwon da ya saba ci a wurinta ba ta fito ba, sai Abdulfatah, wani dillalin katako, ya ja shi zuwa wata rumfar abinci a bayan tashar Laranto.

Rumfar kwano ce mai ɗaki biyu. Na gaba na masu cin abinci ne, benci huɗu. Na baya, bayan labule, na masu shan giya ne, ba a buɗe shi sai an tashi daga aiki. Haladu ya ja ya tsaya a bakin ƙofa. Mai rumfar, Firisila, 'yar ƙabilar Birom ce, da ɗan gicciye a wuyanta, kuma ya san a garin nan akwai masu cin naman kare.

"Oga akawu, ka ɗaga kai ka gani," in ji ta, tana juya farfesu.

A jikin ƙusa, saman ƙofar, an rataye wutsiyar akuya da gashinta, jinin gindinta bai gama bushewa ba. Abdulfatah ya yi masa bayani. Kullum da safe Malam Badruddeen mahauci kan zo da akuya, ya yanka ta a bayan rumfar, ya feɗe, ya yanke wutsiyar ya ba ta ta rataye. Duk wanda ya gan ta ya san akuya ce, ya kuma san hannun da ya yanka. Haladu ya shiga ya ci.

A hankali ya san labarinta. Mijinta direban motar itace ne, ya rasu a hanyar Bauchi ya bar ta da ɗa ɗaya, Gyang, shi ya sa ake kiranta Maman Gyang. Da gasa masara a bakin tasha ta fara. Da ta kafa rumfa, wata shida Musulmi ko ɗaya bai zauna a bencinta ba, sai da ta yi dabarar wutsiyar nan. Daga nan mutanen Katako suka zama su ne kasuwarta.

Bayan rikicin addini na Satumban 2001 rumfar ta yi mako biyar a rufe. Da ta buɗe, garin ya sake. Yau a ce an sa guba a ruwa, gobe a ce a nama, kowa sai ya ci na ɓangarensa. Duk da haka mutanen Katako suka dawo, don wutsiya tana ƙofa. Sai dai ba a ƙara ganin Badruddeen a Laranto ba. An ƙone gidansa, ya koma wajajen Abattoir, unguwar mayanka. In an tambayi Firisila sai ta ce, "Da sassafe ake yanka, kuna barci."

Haladu mutum ne da idonsa ya saba da lambar mota. Ranar Litinin, sha ɗaya ga Fabrairu na 2002, ya lura wutsiyar baƙa ce mai farin gashi a ƙarshe. Talata ma baƙa mai farin ƙarshe. Ya rubuta a gefen littafinsa. Laraba ya ci shinkafar ya bar naman a kwano. Ranar Alhamis, da ta juya baya, ya miƙa hannu ya taɓa gindin wutsiyar, ya ji shi a bushe kamar kilishi.

Bai keɓe ta ya tambaye ta ba. Sai ya nuna wa Abdulfatah littafin, a kan benci, mutum bakwai suna ji.

Abdulfatah ya ture kwanonsa. "Maman Gyang, wannan wutsiyar akuya nawa gare ta? Tun Litinin muke cin naman jikinta bai ƙare ba!"

Ba wanda ya yi dariya.

"Nama na akuya ne," in ji ta. "Musulmi ne ya yanka."

"Wane Musulmin?"

"Ba zan faɗa ba."

"Me ya sa?"

Ta ɗebi tsoka daga tukunya ta jefa a baki, da zafinta.

"Ai ku kuna cin kare," in ji Abdulfatah. "Wannan ba shaida ba ce."

Ta dubi Haladu. "Oga akawu, shekara biyu kana ci a nan. Ka taɓa ciwon ciki?"

Haladu ya rufe littafinsa. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar maganar ta zagaye Katako, kuma ta riga ta zama an ga kan kare a bayan rumfar, abin da ba wanda ya gani.

Sai a watan Yuni na 2006 Haladu ya haɗu da Badruddeen a wajen wani suna. Tsohon ne ya tayar da zancen.

"Ni nake yanka mata, har ranar da kuka watse. A Abattoir nake yankawa, in ba ɗan acaɓa ya kai mata a buhu."

"To wutsiyar fa, Baba?"

"Duk mahautan garin nan sun san wutsiyar Firisila. In aka ga na yanke ta daga fata, an san inda naman ya nufa. Sai in na samu ba kowa nake yanko mata ɗaya. An ƙone min gida sau ɗaya, Malam, ban so a sake ba. Ni na sa ta dafa littafinsu mai tsarki ta rantse ba za ta ambaci sunana ba."

Firisila ta rufe ɗakin gaba a Afrilun 2002. Ta ci gaba da sayar da giya kawai har 2004, sannan ta bar rumfar ta koma Bukuru wajen ƙanwarta. Tana can tana sayar da gwate da kunu, ba ta ƙara dafa nama don sayarwa ba.