Ya Ce In Jira Shi a Kadis

Shekarar da na fara zuwa Dubai neman aiki, ɗaki ɗaya muka zauna da wani Badamagare a unguwar Al Karama, ni a gadon sama, shi a na ƙasa. Dako yake yi a kasuwar Naif, yana ɗaure wa 'yan kasuwar Kano kaya yana kai musu wajen masu kago da ke tura kaya gida. Ni kuwa kullum ina yawo da takardun makaranta daga wannan ofis zuwa wancan. Shi yake dafa mana abinci. In na dawo jiki a sanyaye, sai ya turo mini kwano ya ce, "Ci, Bakano, Dubai shuwayya-shuwayya, sannu a hankali, ake bin ta." Ya girme ni, amma wasa muke yi kamar tsara.

Daga baya na sami aiki a wani kamfanin sufuri, na kama gida, na yi aure. Shi kuma bizarsa ta ƙare ya koma gida. Mun ɗan riƙa gaisawa ta waya, har wata rana na kira na ji layin a kashe. Shi ke nan.

Bara da na sami hutu, na cika wa matata wani tsohon alkawari, muka shiga irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido da ke tsayawa gari-gari. Da safe muka isa Kadis a ƙasar Sifen, aka ce kowa ya dawo kafin la'asar, jirgi ba ya jiran kowa. Tsohon gari ne, teku ta kusa zagaye shi, ga ganuwa ta dutse, ga lunguna matsattsu da suka tuna mini cikin birnin Kano. Matata sai ɗaukar hoto take yi.

Bayan azahar muka fito wani dandali gaban wata babbar majami'a. Baƙaƙen fata ne jere a gefe, kowa ya shimfiɗa zane ya baza jakunkuna da tabarau. Matata ta tsuguna tana duba wata jaka, ta ɗago ta ce mini da Hausa ai ta Naif ta fi wannan kyau. Sai mai kayan ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai duk hanyarsu ɗaya."

Muryar na fara ganewa. Ya rame, furfura ta cika gemunsa. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Bakano? La ilaha illallahu!"

Muka rungume juna a tsakiyar Turawa. Na ce wa matata, "Wannan ne ya ciyar da ni kafin in san ki." Ta gyara mayafi ta gaishe shi da kyau. Ya tambayi aiki, ya tambayi tsohon ɗakinmu, na ce an rushe ginin. Na ce, "Kai kuma me ya kawo ka nan? Ta ina ka biyo?"

"Labarin da tsawo," in ji shi. "Sai an zauna. Ɗakina ba nisa, akwai shinkafa da wake, yau ba za ku koma jirgi da yunwa ba."

Na ciro waya zan karɓi lambarsa ke nan, wani daga cikin abokan sana'arsa ya yi fito. 'Yan sanda ne suka ɓullo. Kafin in ƙifta ido ya ja igiyar zanen, kayan suka dunƙule, ya saɓa a kafaɗa. "Jira ni nan, yanzu zan dawo!" Ya faɗa lungu da gudu.

Muka zauna a kan matakalar majami'ar. 'Yan sandan ba su tafi ba, suka tsaya suna hira. Na leƙa lungun, na shiga na gaba da shi, ban ga kowa ba. Na dawo na sake zama. Da fasinjojin jirginmu suka watse daga dandalin, sai matata ta dafa hannuna ta ce, "Lokaci fa ya yi." Na ce mu ƙara kaɗan. Muka ƙara, har sai da ya zama da gudu muka isa tashar.

Da jirgi ya ɗaga na tsaya a sama ina duban bakin ganuwa, ko zan hango mai ƙunshi a kafaɗa. Mutane da yawa ne, kuma sun yi nisa.

Da muka dawo Dubai na shiga Naif na bi 'yan Nijar ɗaya bayan ɗaya. Tsofaffin sun tuna shi, amma babu mai lambarsa, wasu ma sun ɗauka yana Damagaram yana noma. Matata takan ce wataƙila bai sami damar dawowa dandalin ba ranar. Ni dai na san halinsa, na fi zaton ya dawo ya tarar mun tafi.