Idon da Aka Kafa a Wurin Aikin Maigida

Ƙarar zubar shayi a kan faranti ce ta sa na ɗago kai. Maigidana, mai aikin sudir, yana zubawa a gefen finjali bai sani ba. Hasken wutar liƙin ƙarfe ya fara cin idonsa, ni kuma ba ni da abin yi sai ɗora masa jiƙaƙƙen ganyen shayi da addu'a. Shekarar fari ce, soja ke mulki, aikinsa kaɗai ke ci da mu.

Rannan ya dawo da labarin an kafa kamara a ma'aikatarsu. Ita ke kallon wutar ta bayan baƙin gilashi, shi yana duban tele daga nesa, kuma ba a taɓa ta sai an kashe kuran, wato wutar lantarki. Duk kolejin da na yi, na kasa ganewa: idonsa aka hutar, ko madadinsa aka kawo? Bayan la'asar na ɗaga hannu, ban san godiya zan yi ko neman tsari ba.

Ƙaramar 'yata ta ja mayafina ta ce, "Inna, ita kamarar, wa ke sa mata ganyen shayi?"