Mai Sauraren Jirgin Abdulbaqi

Ranar Talata, 9 ga Satumba, 2025, bayan la'asar, Allah Ya yi wa Malam Abdulbaqi mai walda rasuwa, bayan gajeriyar jinya. Na Allah ne mu, wurinSa za mu koma.

Malam, maƙwabcinka ne Auwalu tela, wanda ka laƙaba wa Sarkin Tambaya. Ka tafi ba ka ba ni amsar tambayar da ta fi damuna ba.

Kan jirgin ƙasan nan da ka ƙera da tsofaffin ƙarafa, ka kafa a filin da ke gefen Ƙofar Mazugal, dab da gidanka, ba na kallo ba ne kawai. Duk wanda ya murɗa hannunsa, sai ƙafafun su juya, zugazugin da ka ɓoye a ciki su hura, jiniya ta tashi: doguwa ɗaya, gajeru biyu. Na ga 'yan dako sun sauke kaya don su murɗa. Na ga wani dattijo mai babbar riga ya waiga hagu da dama, ya murɗa, ya wuce kamar ba shi ba. Ba ka taɓa korar kowa ba, in an karya kuwa sai ka gyara kana dariya.

Sau nawa na ce maka, me ya sa kullum kukan iri ɗaya ne? Sai ka ce, "Tela, koma kan kekenka."

Da ka rasu, muka ga bai kamata jirgi ya yi ta kuka kusa da gidan makoki ba, muka ɗaure hannun da igiya. Ranar sadakar uku, mahaifiyarka Hajiya Kande, wadda ta daɗe ba ta gani, ta ƙi abinci, ta aiko a kira mu.

Ta ce, "Wa ya kashe min jiniya?"

Muka ce, "Hajiya, ai don girmama mamaci ne."

Ta ce, "Babansa direban jirgi ne. In ya doso Kano, haka yake busa min daga nesa, in tashi in ɗora tukunya. Da ya rasu, Abdulbaqi ya ce ba zan daina jin ta ba. Yanzu shi da jiniyar, su biyun kuke so in rasa a mako guda?"

Ashe amsar tana bayan katangar shagona duk shekarun nan. Wallahi na yi kuka, Malam. Na fita na kwance igiyar, na murɗa. Ba a jima ba aka leƙo aka ce Hajiya ta ce a zubo mata tuwo.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da mahaifinka a Aljanna. Ya ba Hajiya Kande, da matarka Hafsat, da 'ya'yanku haƙurin rashi.

Jama'a, duk wanda ya bi ta Mazugal, ya yi wa Malam addu'a, sannan ya murɗa hannun nan. Hajiya tana ciki tana saurare.