Zomaye Masu Tsaga a Kunne

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kakana Alby Trewin ya bar matarsa ta sa wuƙa a kan abin da zai ci ba. Ita ke dafawa, ita ke kawowa, amma da cinyar tunkiya ta sauka a tebur sai ya jawo farantin gabansa ya yanki rabonsa da kansa. Burodi ma haka. Muna yara mun ɗauka tsirfar tsufa ce. Kaka Dulcie kuwa takan zauna da hannuwa a cinya tana kallonsa.

A garinmu kakana mutumin kirki ne na nunawa. In ya shiga mashaya ba a barinsa ya biya. Manoma kan nuna shi ga 'ya'yansu su ce, wancan ne ya kashe sana'arsa da hannunsa don gonakin yankinmu na Mallee su rayu. Shi kuma sai ya ja malafa ya rufe ido. Suna cewa kunya ce. Sai da na girma na gane ba ita ba ce.

Maharbin zomaye ne, ko da yake bai damu da bindiga ba. Da rani, in ƙasa ta bushe, yakan kewaye tafkin tumaki da ragar waya, ya bar ƙananan ƙofofi masu shiga ba fita. Ƙishirwa ce ke yi masa aikin. Kafin hantsi ragar ta cika maƙil, sai ya shiga yana murɗe wuya, Dulcie na feɗewa. Naman motar ƙanƙara ke kwashewa zuwa birnin Melbourne, fatun kuma masu yin malafa. A bukkar kwano suka haifi uwata, a can ƙarshen gonar Vern, ƙanen Dulcie.

Gonar ta mahaifinsu ce. Dulcie ce babba, ita ta san kowace rijiya da kowane shinge, amma da tsohon ya mutu sai ƙasa ta bi namiji. Vern ya samu gida da tumaki. Ita ta samu izinin zama a gefe tare da mijinta, bisa sharaɗin Alby zai rage masa zomaye.

Rage su kuwa yana yi, iya yadda ya ga dama. Abin da Vern bai sani ba shi ne, Alby ba ya kashe uwa mai ƙoshin lafiya. In ya ɗaga zomanya ya ji cikinta da nauyi, ko nononta da ruwa, sai ya miƙa wa Dulcie. Ita kuma ta fiddo 'yar wuƙarta mai ƙotar ƙashi, ta yi mata ƙaramar tsaga a gefen kunnen hagu, ta jefa ta bayan waya. In ta sake faɗowa tarko, ba sai an juya ta ba, kunnen ya isa. Haka ya yi ta kiwon zomaye a gonar mutum fiye da shekara ashirin, ana gode masa wai yana yaƙi da su. Duk duniya mutum biyu suka san maganar, kuma gado ɗaya suke kwana.

Sai aka fara jin labarin mikso daga bakin kogin Murray. Cuta ce da gwamnati ta saki da gangan, sauro ke ɗaukar ta daga zomo zuwa zomo. Kai ya kumbura, ido ya rufe da mugunya, zomo ya zauna a tsakiyar hanya yana jiran mota. Manoma suka haukace don murna. Vern ya tuƙa motarsa har kogi ya dawo da buhu biyu na marasa lafiya, ya zazzage su a bakin ramuka. Ba ta kama ba. Mu nan ba sauro sai an yi ruwa, kuma duk safiya Alby na zagayawa da karensa, wanda ya gani da kumburarren ido ya buge shi ya ƙone.

"Alby, kai ka ci min zomayen da na sha wahala na ɗauko?" in ji Vern wata safiya da ya tarar da su a tafki.

"In ci wannan ƙazantar? Ko karena sai da ya tofar."

"To ina suka shiga?"

"Sun ga gonarka ne suka mutu da baƙin ciki. Ai ko zomo yana da zuciya, Vern."

"Yi dariyarka. Ranar da ta kama, sai dai ka koma feɗe ƙudaje." Ya juya ga yayarsa. "Dul, kin ji mijinki ko? Ki fara koya masa shara, na ji ana neman mai shara a tashar jirgi."

"Tsintsiya? Ai bai san ta ina ake riƙe ta ba," in ji Dulcie, ba ta ko ɗago daga fatar da take miƙewa a waya ba.

Duk suka yi dariya. Da Vern zai tafi ta bi shi har mota. Daga baya ya gaya wa uwata cewa roƙonsa ta yi, in ya sake zuwa kogi ya kawo mata ɗaya, tana so ta ga yadda cutar take don kada ta feɗe irinsa a rashin sani. Ya kawo mata. Bai sake tuna maganar ba.

Wajen ƙarshen rani Alby ya fara tsintar zomaye masu cutar. Ba a bakin hanya ba, a bakin manyan ramukan da ya fi ji da su, can cikin tuddan yashi inda Vern bai taɓa zuwa ba. Yana ƙonewa, washegari ya tarar da ninki. Ya daina cin abinci. Dulcie na cika masa gwangwanin shayi, tana ce masa ya haƙura, abu ne na iska.

Labari ya kai ga hukuma cewa mikso ta ɓarke a wurin da ba sauro, sai aka aiko likitan dabbobi, wani siririn mutum mai suna Mulcahy, da akwatin kwalabe. Vern ya kawo shi tafki, ya sa Alby ya tattaro masa gawa da masu sauran numfashi. Likita ya shimfiɗa buhu a bayan mota ya jera su. Ya tsaga wani kumburi, cikinsa ya fito fari mai yauƙi, ya yanki ɗan guntu ya jefa a kwalba.

"A madubin awo ƙwayoyin naman nan kamar taurari suke," in ji shi. "Abin sha'awa, in ba kai ne zomon ba."

"Likita, ni taurari ba su dame ni ba," in ji Vern. "Ta ina ta shigo, in je in yi wa wurin godiya?"

"Zomon da kansa zai gaya mana. Kumburin farko kullum inda cutar ta shiga yake fitowa. Shi ya fi girma, shi ya fi tauri, sauran daga baya suke biyowa. Sauro ba shi da zaɓi, ko'ina ya samu cizo yake yi." Ya ɗaga kunnen wata zomanya. "Amma duba nan. Ga shi a bakin wannan tsagar. Wannan ma. Wannan ma. Duk mata, duk kunnen hagu. Malam Trewin, wa ke tsaga musu kunne?"

"Waya ce ke yagar su," in ji Alby.

"To wayarka ta fi ni iya riƙe wuƙa."

Likita ya ɗauki wata, ya daɗe yana murza kunnenta. Tsagarta tsohuwa ce, ta warke har gashi ya rufe bakin, sai dai an sake buɗe ta kwanan nan. Ya dubi Alby. Sannan ya tura ta can ƙasan buhu.

Vern ya matso kusa. Ya yi ta kallon kunnuwan, bakinsa a buɗe, sai ya daki bayan Alby har malafarsa ta faɗi.

"Kai, munafukin banza! Ashe kai ne! Kana min ba'a a gaban mutane, kana zagayawa kana sa musu ita da wuƙa? Mata ka zaɓa don su kai ta har cikin rami!" Ya dafa kafaɗarsa. "Abincinka ne fa, Alby. Na rantse ban taɓa zaton za ka yi wa gidanmu wannan alherin ba."

Kakana ya sunkuya ya ɗauki malafarsa. Ina yawan tsayawa a kan wannan sunkuyawar, don a cikinta ya gama lissafinsa. In ya ce ba shi ba ne, sai a tambayi dalilin tsagar, kuma amsar ita ce shekara ashirin yana cin amanar mutumin da ke rungume da shi. In ya yi shiru, ya zama gwarzo. Ya kaɗe malafar ya sa, ya ce, "Ai kowa da ranarsa."

Da suka tafi ya taka zuwa bukka. Dulcie na zaune a inuwa tana wasa wuƙar a dutse.

"Likita ya ce kumburin farko a bakin tsaga yake."

"Ya san aikinsa ke nan."

"Hannuna ne ke miƙo miki su, Dulcie. Ni nake zaɓo masu ciki in ba ki."

"Na sani. Da ba ka iya zaɓe ba ai da ba ta kama ba."

"Me ya sa ba ki gaya wa Vern kawai ba? Ya kore ni, a wuce wurin."

"In tona maka asiri? Ni matarka ce."

Ya tsaya yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ita ta ci gaba da wasa wuƙa. Gwangwanin tabar da take ajiye mugunyar zomon da Vern ya kawo mata a ciki yana nan kan taga, ba ta ma ɓoye shi ba.

Ba a jima ba aka yi ruwa, sauro ya zo ya ƙarasa abin da ta fara. Wari ya hana mutane buɗe taga. Mutanen birni suka daina cin zomo, motar ƙanƙara ta daina zuwa. Ciyawa ta fito a tuddan da uwata ba ta taɓa ganin kore a kansu ba, tumakin Vern suka yi ƙiba. Shi ya nema wa Alby aiki a tashar jirgi, kuma shara ce, kamar yadda ya taɓa faɗa da wasa. Suka koma gari, gida mai famfo. Kakana ya share dandamalin nan har ƙarfinsa ya ƙare, yana amsa gaisuwar manoma, yana shan giyar da suke saya masa don abin da bai yi ba, abin da kuma da ya san ana yi da ya karya hannun mai yin sa.

Bai sake ta ba. Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Naman kawai yake yanka da kansa.

Bayan ya mutu na je na same ta a ɗakin girki. Na riga na haɗa labarin daga bakin uwata da Vern, saura dalili.

"Kaka, don gidan famfo kika yi?"

"Ke dai da tambaya kamar 'yar sanda. Zauna ki fere min dankali."

"Ko don Vern?"

"Vern?" Ta yi tsaki. "Wanda ya zauna a gidan ubana bai ma san ta wace kusurwa zomaye ke shigowa ba? Ko akuya ba zan yanka don Vern ba."

"To don me?"

Ta daɗe tana juya cokali a tukunya. Ta ce uwarta ta dasa itatuwan almon a bayan gida shekarar da aka haife ta, da bokiti take shayar da su. A wani fari zomaye suka gwaigwaye ɓawonsu duka suka bushe. Ita Kaka ta tsaya ta kalli busassun itatuwan, ta san cewa uwayen waɗanda suka yi ɓarnar da hannunta ta jefa su bayan waya.

"Shi ke nan?" na ce. "Itatuwa?"

"Kina so in ce miki na tsane shi, ki samu na rubutawa. Ban tsane shi ba. Kullum safiya yakan miƙo min zomanya ya ce, 'Riƙe min wannan, Dul,' kamar kyauta yake ba ni. Bai taɓa tambayata ko ƙasar wa take ci ba."

"Ke ma ba ki gaya masa ba."

"Ban gaya masa ba."

Na yarda da maganar itatuwan, amma ban yarda ita kaɗai ba ce. Mace ce da aka ba ƙanenta gona, aka ba mijinta abin da ke cikin gonar, ita aka ba ta wuƙa. Kuma tana iya barin Vern ya ji gaskiya ranar da likita ya zo, ba ta yi ba. Ta bar mijinta da yabon, ta kuma zauna kusa da shi shekara da shekaru tana kallon yadda yake haɗiye shi. Ko tausayi ne ko horo, ban sani ba, ina jin ita ma ba ta raba su ba.

"Ya taɓa yafe miki?" na tambaye ta.

"A asibiti, da hannunsa ya daina riƙe komai, aka kawo masa nama. Na jawo farantin zan yanka masa." Ta rage wutar murhu. "Sai ya ce wa ma'aikaciyar jinya, 'Yarinya, zo ki taimake ni.'"

Ta miƙo min 'yar wuƙa mai ƙotar ƙashi, bakinta ya sirance don wasawa. Na dube ta, na dubi wuƙar.

"Ita ce," ta ce. "Fere dankalin, na wanke ta tuntuni."