Katakon Madacin Baba

Shekarar da aka ƙirƙiro Jigawa aka tattaro mu daga Kano, aka ce kowa ya koma jiharsa. Ni malamin aikin katako ne a sakandare, sai aka tura ni Gwaram. Gidanmu na gado yana Birnin Kudu, a nan mahaifiyarmu Inna take zaune da Yayana da iyalinsa. Duk ƙarshen wata nakan hau mota in je in gan su.

A daminar nan iska ta kayar da madacin da ke gonar marigayi Babanmu a Surko. Yaya ya ce a faskare shi a yi girki. Na ce wallahi ba a isa ba, madaci guda a murhu? Na nemo masu injin yanka, suka fitar min da falankai masu kauri, jajaye, har ƙamshi suke yi.

Na san abin da zan yi da su. Gwiwoyin Inna sun gaji. A katifa take kwana a ƙasa, in za ta tashi sai ta dafa bango tana nishi, wani lokacin sai an kama ta. Na so in sayo mata gado a kasuwa, ta ce ba ta so, za ta jira na itacen mijinta. Na yi mata alkawarin gado daidai tsayin gwiwarta, da wurin riƙewa a gefe.

Sai dai ɗanyen katako ba a yi masa gaggawa. In ka yi aiki da shi yanzu, gobe ya lanƙwashe ya tsage. Dole ya sha iska a inuwa, damina ta wuce, rani ya wuce, a sake zagayowa. Shi ya sa na gina rumfa a bayan gida, inda dā ake ɗaure jaki. Gayya muka yi. Muka kafa dirkoki, na shafe gindinsu da baƙin mai saboda gara, muka zagaye da kwano, na sa ƙofa da kwaɗo. Yaya da kansa ya hau sama ya buga rufin, yana zolayata wai na gina wa itace ɗaki ni ban da shi. Na kafa bencin aiki a ciki, na rataye zarto da guduma. Falankan kuma na jera su, ina sa 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, na shafe bakin kowanne da jan fenti don kada ya tsage.

Da kaka ta yi, Yaya ya roƙi mukulli, wai rumbu ya cika. Na ba shi, to wa zan hana? Ya jibge buhunan dawa a kan jerin da gefensa, ba a ganin komai daga ƙofa sai jajayen bakunan nan. Duk zuwan da na yi sai na karɓi mukullin na buɗe, na duba su, na ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa. Sau da yawa yana tsaye kusa da ni.

"Sun kusa nuna, Malam?" in ji shi, yana dariya.

Ni ma in yi dariya in ce saura kaɗan.

A lokacin kowa gini yake yi, sabuwar jiha ta sa wa mutane zafin nema. Shi ma Yaya ya fara shaguna a bakin titi. Har zuwa na yi na sa albarka.

Da dogon hutu ya zo, na ce lokaci ya yi. Na shiga rumfa da safe, na naɗe hannun riga, na kama falankin sama na fizgo da ƙarfi. Saura ƙiris in faɗi da baya. Guntu ne ya biyo hannuna, bai fi kamu ɗaya ba. Na ja na biyu, haka. Na ture buhunan kamar mahaukaci. Babu komai a baya sai bulo da aka tokare guntayen da shi. An yanke falankan an kwashe, an bar min bakin da na shafa wa fenti, an ma mayar da sandunan tsakani yadda na jera su.

Ban san yadda na isa bakin titi ba. A bayan shagunan na gan su a yashe, sun sha siminti, ƙusoshi ko'ina, wasu sun rabe biyu. Da su aka yi akwatin zuba linta, wato simintin saman ƙofofi. Abin da katakon banza ma zai yi.

Yaya ko kunya. Ya ce, "Katako ne fa, Malam. Kuma na gonar Baba ne, ba naka kai kaɗai ba."

Na ce, "Da ka tambaya da na ba ka rabonka. Amma ka tsaya kusa da ni ina ƙwanƙwasa guntaye kana dariya? Yaya, ka cuce ni, kuma ka cuci Inna."

Ya kawar da kai ya ce in je in tambaye ta.

Na same ta zaune a kan katifarta tana gyaran wake. Na durƙusa, na fara yi mata bayani a hankali don kada hankalinta ya tashi. Ba ta ɗago ba.

"Na sani," ta ce. "Ni na ce a bar maka bakin. Na san zuciyarka, ba na son ku yi faɗa."

"Inna, gadonki ne fa."

"Yayanka iyali gare shi da yawa. Kai kana da aikin gwamnati. Ni kuwa na saba da ƙasa."

Na ji haushin Yaya, har yau ina ji. Amma nata ya fi ci min rai, don duk watannin nan ita ce take tambayata yaushe gadonta zai samu, ni kuma ina ba ta haƙuri. Aka kira azahar, ta ajiye faifan waken, ta laluba bango, sannan ta miƙo min hannu. Na kama ta na ɗaga.