Audugar da Baba Ya Cusa wa Jirginsa

Jiya ina shara na ci karo da jirgin ƙasan da Baba ya ƙera da gwangwani, har yanzu yana warin gawayi. Garwashi yake zuba masa, ruwa ya tafasa, hayaƙi ya tashi.

Ranar da ya sa masa usur, unguwarmu a Yankara ta watse, don da usur ake sanar da zuwan 'yan bindiga. Na suri goyona na faɗa cikin dawa. Da na dawo, na iske shi yana cusa wa usur ɗin auduga.

Ya ce, "Ɗiyata, yanzu ko wasa sai a ɓoye."

Har yau tsoro ya hana ni cire audugar. Allah Ya jiƙan Baba, Ya nuna mana ranar cire ta.